Ashana a Hannuna, Sallayata a Naɗe

Alhamdu lillahi, yau da hannuna na ɗebo ruwa na cika randa, na share tsakar gida, na wanke kayan yara, ban zauna hutawa ko sau ɗaya ba. Wanda bai taɓa rasa ƙarfin ɗaga buta ba zai ce wannan ba abin rubutawa ba ne. Ni na rasa, shi ya sa na zauna in ba da labarin jinyata, ko Allah zai sa wata 'yar'uwa ta karanta ta huta da wahalar da na sha.

A unguwar Soron Ɗinki cikin birnin Kano nake aure, a babban gida mai sassa da yawa, irin gidan da in ka yi atishawa a ɗakinka sai ka ji an yi maka addu'a daga sashe na uku. Maigidana, Malam Nasiru, yadin rini yake sayarwa a Ƙofar Mata. Ni nake ɗaure masa farin yadi da zare a gida kafin a kai marina, kuma ba yabon kai ba, ɗaurina ba ya kwancewa a cikin ruwan baban rini. 'Ya'yanmu biyu, Walida da Halifa, dukkansu da tiyata aka ciro su. Walida ko tsayuwa ba ta fara ba na samu cikin Halifa. Matan gidan suka sa ni a gaba da tsokana, wai kwanikar tawa ko jira ba ta yi.

Tsokana ta ƙare ranar haihuwa. Ni ban san me ya faru ba, na dai farka na ga ledar jini a saman kaina, Nasiru kuma idonsa ya yi jawur. Mahaifiyata, Inna, ba ta shigo ɗakin ba, ban kuma yi tsammaninta ba. Ni ce 'yarta ta fari, kunyata take yi tun ina zanen goyo. Kakata ce ta raine ni. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta zama ta yi hira da ni, in saƙo ne sai ta bayar a faɗa min ko da ina zaune a gabanta. Kunu kawai na ga an kawo a fulas an ce daga gidanmu na Dala.

Likitar da ta yi min aiki wata doguwar mace ce mai tabarau, ba ta da yawan fara'a. Ta tsaya a bakin gadona ta dubi Nasiru ta ce, "Malam, ɗinki a kan ɗinki na yi. In ta sake ɗaukar ciki kafin shekara uku, ban ce za ka same ta ba."

Maganar nan ta zauna mana. Da na yi arba'in muka koma asibiti aka sa min ashana, wato 'yar siririyar robar nan ta tazarar haihuwa da ake turawa a ƙarƙashin fatar damtse. Ko zafin kirki ban ji ba. Nas ɗin da ta sa min tana naɗe hannuna da bandeji ta ce, "Al'adarki za ta iya rikicewa, ba komai ba ne." Kafin in buɗe baki ta kira ta bayana. Wannan shi ne duk bayanin da na samu, kuma har yau ina jin haushinsa.

Muka yi shawara da Nasiru ba wanda zai sani. Ba don muna ganin laifi muka yi ba. Gidan ne da baki, surukata Hajiya kuma mace ce mai son jikoki, kullum lissafinta wane ne zai zo bayan Halifa. Na riƙa sa riga mai dogon hannu, shi kenan.

Makonnin farko lafiya lau. Sai jini ya zo, na ce al'ada ce ta dawo. Na naɗe sallayata na ɗora a kan sif. Sati ya wuce bai tafi ba. Ba zuba yake yi ba, ɗigo ne, yau kaɗan gobe da ɗan yawa. Wata rana ya ɗauke da safe, in yi wanka cikin murna in yi azahar, kafin la'asar ya dawo. Na yi wanka har fatata ta fara tsagewa. Daga baya na gaji, na bar sallayar inda take. Abin da na sani tun ina yarinya shi ne mai jini ba ta sallah, ban san akwai wata magana bayan wannan ba.

Za a ce ba ta yi Islamiyya ba ne? Na yi. Amma ranar da aka zo babin jinin mata, malami namiji ne yake karantarwa, shi kansa a ƙasa, mu kuma kowacce ta cusa fuska a hijabi muna mintsinin juna. Aka tashi ba wadda ta ɗauki komai. Kakata da zan tambaya ta rasu kafin aurena. Malamar da take koyar da matan unguwarmu kuwa goggon Nasiru ce, in na tambaye ta da hantsi, kafin azahar Hajiya ta ji. Nasiru ya ce, "Ina jin akwai hukunci a kan irin wannan, bari in tambayi liman." Liman ɗin kawunsa ne. Kullum ya dawo sai ya ce, "Yau mutane sun yi yawa a wurinsa." Da na gane shi ma kunya ce take cinsa, na daina tambayarsa.

A gida irin namu ba a ɓoye rashin sallah. Famfo ɗaya ne, kowa yana ganin mai alwala. Wata ya cika, na biyu ya kama, sai Hajiya ta kira ni ɗakinta.

"Maman Walida, lafiya kuwa? Na daɗe ban ga butarki a bakin famfo ba."

Na ce jini ne ya ƙi ɗaukewa.

"Ai dole. Jegon asibiti ne, ba ki gasu ba. Da ruwan zafi kika sha yadda muka sha, da yanzu kin manta."

Allah Ya saka wa Hajiya da alheri, ba ta zauna ba. Ta dama min kunun kanwa, ta aika aka sayo saiwoyi aka dafa, ɗacinsu har cikin kunne. Matar yayan Nasiru ta ce sanyi ne, ta kawo nata jiƙon. Wata maƙwabciya ta ce a haɗa da rubutu, aka karɓo. Duk na sha, ina sha ina jin nauyinsu, don na san inda abin yake, yana nan a hannuna na hagu ƙarƙashin riga.

A wata na uku na koma asibiti da niyyar a cire. Na fita da sassafe na tarar layi ya kai bakin ƙofa. A kan bencin nan na ji labarai iri-iri. Wata ta ce ita tunda aka sa mata ko ɗigo ba ta gani, hankalinta ya tashi, jinin ina yake taruwa? Wata ta ce ƙiba ta yi, mijinta yana murna ita tana kuka. Wata kuma shekararta ta uku kenan lafiya ƙalau, sabuwa ta zo a sa mata. Da layi ya zo kaina rana ta take. Nas ta duba katina ta ce, "Wata uku kacal? Ku haka kuke, a sa yau gobe a cire." Ta ce mai cirewa sai ranar Alhamis take zuwa, ta rubuta min ƙwayoyi. Na fito ina cewa a raina, ranar sawa da fara'a aka karɓe ni, ranar cirewa kuma sai Alhamis. Gaskiya ƙwayoyin sun yi aiki, jinin ya tsaya kusan sati biyu, na sauko da sallayata har na wanke ta. Suna ƙarewa ya dawo.

A haka azumi ya same ni.

Nan ne na yi abin da ya kwantar da ni. Ba na azumi, tunda a ganina mai jini ba ta yi. Amma kuma ba na cin abinci. Yaya zan ci? Gida ya yi tsit da rana, kowa bakinsa a bushe, ƙarar cokali a kwano sai ta kai zaure. In na zuba wa Walida abinci na ɗebi loma ɗaya, sai in ji kamar duk gidan ni yake kallo ta katanga. Mace takan sha azumi kwana biyar ko shida, kowa ya san wannan, ba mai magana. Amma tun daga ɗaya ga wata har ba ranar ƙarewa? Nasiru yakan sayo min burodi da madara ya ɓoye a bayan gado, burodin ya bushe a wurin. Sai in wuni da yunwa kamar kowa, ga Halifa yana tsotso, a sha ruwa in ɗan taɓa kunu. Ga yunwar masu azumi, ga shi ba azumin nake ba.

Yunwar ma ba ita ta fi ci min rai ba. In an kira sallah matan gida suka shimfiɗa tabarma suka jeru, ni ina ɗaki ina jin kabbararsu. Da hantsi su ɗauki hijabi su tafi tafsiri, a bar ni da gadin yara. Na ji kamar an rufe wata ƙofa an bar ni a waje, kuma da kuɗin motata na je aka rufe ta. Na yi kuka ba kaɗan ba.

Ranar goma ga wata na ce wa Nasiru, "Alhamis mai zuwa zan je a cire."

Ya ajiye yadin da yake ninkewa. "Kin manta abin da likita ta ce?"

"Ban manta ba. Gara in mutu ina sallah da in zauna haka."

Ya dube ni ya ce, "To ni da yaran nan fa?"

Alhamis ɗin ba ta same ni a tsaye ba. Ranar Talata da la'asar ina suyar ƙosan buɗa-baki, na miƙe in ɗauko matsami, sai na ga tsakar gida ta juya. An ce Hajiya ce ta fizgo ni, da cikin mai zan faɗa. Adaidaita sahu ba ta shiga lungunmu, a kafaɗa Nasiru ya ɗauke ni har bakin titi, yana azumi, mutane suna ta sannu.

Aka kwantar da ni kwana uku. Jinina ya yi ƙasa sosai, sai da aka ƙara min, Nasiru ne ya bayar bayan an sha ruwa. Kuɗin magani da na gado sun cinye ribar yadin sallar da muke sa rai, ban taɓa jin ya yi ƙorafi ba. Likitar nan mai tabarau ta zo zagaye, ta ja fatar idona ta duba, ta ce, "Me kike ci?"

Nasiru ne ya faɗa mata gaskiya.

Ta cire tabarau ta dube ni. "Kin fito daga tiyata da ƙarancin jini, kina shayarwa, kina zubar da jini, sannan kin hana kanki abinci. Ashana tana da nata laifin, amma kada ki ɗora mata duka."

Na ce ni dai a cire min.

"Hannunki ne, ba zan hana ki ba. Ki je ki ci abinci ki yi ƙarfi, ki zo Alhamis ta sama. Akwai wasu hanyoyin, za mu duba. Amma na san irinku, in aka cire kuka fita ba kwa dawowa sai da ciki. Maganata ta farko tana nan."

Ta gane ni sarai. Ba ni da niyyar karɓar komai, na tsorata da duk abin da zai fito daga asibiti.

Da aka sallame ni Hajiya da kanta ta ce a kai ni gida Dala in yi jinya, Walida ta zauna a wurinta. Haka na koma ɗakin Inna, ni da Halifa, karo na farko da za mu kwana ɗaki ɗaya da ita tun da na yi wayo.

Jinyar Inna sai wanda ya gani. Ba ta yi min sannu ba. Ta karɓi Halifa ta ɗora a cinya ta ce masa, "Kai, ka gaya wa uwarka ga hanta nan, ta cinye tas." Yaro ɗan wata biyar, yana ta tsotsar yatsan ƙafarsa. Haka muka zauna. "Ka gaya wa uwarka ruwan wanka ya yi." "Ka tambayi uwarka ko zogalen ya yi gishiri." Tana azumi take dafa min faten wake da alayyahu da tsakar rana, hayaƙi yana tashi, ko a jikinta. Wata maƙwabciya ta leƙo ta ce, "Hajiya Rabi, girki da rana?" Inna ta ce, "Mara lafiya gare ni," ta ci gaba da fifita wuta. Kalma huɗu, abin da na kasa faɗa a gidan mijina kenan.

A kwana na biyu tana shafa min man zafi a hannu, sai yatsanta ya tsaya a damtsena. Ta danna a hankali. Ta sake dannawa. Sai ta ci gaba da shafawa, ta ce wa Halifa, "Ashe uwarka ajiya gare ta."

Ba ta ƙara ba. Amma na lura da wani abu. Duk lokacin sallah sallaya biyu take shimfiɗawa, ta yi tata, ta idar, ta naɗe duka biyun. Azahar haka, la'asar haka, washegari ma haka. Ba ta dube ni ba, ba ta tambaya ba. A rana ta uku na kasa daurewa. Na ɗauki Halifa na zaunar da shi yana kallona, na ce, "Ka gaya wa kakarka jini ne, tun watanni. Ka ce mata ranar Alhamis za a cire abin, in samu in yi sallah kamar kowa."

Inna tana tsince shinkafa. Hannunta ya tsaya a cikin faranti. Ta ce, "Ka tambaye ta, in an cire, sai me?"

"Ka ce mata sai abin da Allah Ya yi."

Ranar Laraba da hantsi ta yafa mayafi ta fita ba ta ce ga inda za ta ba. Inna ba mai yawo ba ce, balle da azumi. Kafin azahar sai na ji sallama da dariya tun daga zaure. Malama Uwani ce, ƙawarta ta ƙuruciya, wadda take karantar da matan aure a bayan dutsen Dala. Ta shigo tana share hawayen dariya da gefen hijabi, Inna a bayanta fuska a ɗaure.

"'Yar nan, kin ga abin da uwarki ta yi min? Ta zo ta zauna ta ce, Malama, jini nake gani wata da watanni, yaya zan yi da sallah? Na ce Rabi, ke? Ke da muka yi wasan ƙasa tare, jikokinmu sun fara tafiya? In ke ce, tashi yanzu mu tafi asibiti, wannan ba na littafi ba ne. Na ɗauko mayafi fa da gaske! Sai da ta ga zan tara mata jama'a sannan ta ce, ta ɗakina ce. Na ce wacce? Ta ce ta ɗakina dai."

Inna ta shige madafa. Ni kuwa dariya ta zo min, kuka ya riga ta. Tsohuwa mai furfura ta je ta ɗora wa kanta abin kunya, don kada ta tona min asiri, don kuma bakinta ba zai iya furta sunana ba.

Malama ta zauna a gefen katifa ta tambaye ni kwana nawa na saba yi kafin duk wannan. Na faɗa mata. Ta ce, "To saurara. Jinin al'ada yana da iyaka. Ki ƙirga kwanakin da kika saba, ki ɗan ƙara kwana uku na jira. In ya wuce nan, ba al'ada ba ce kuma, jinin ciwo ne. Mai jinin ciwo wanka take yi, ta yi ƙunzugu, ta yi alwala, ta yi sallarta. Azumi ma tana yi, sai dai ke yanzu rashin lafiya ya ɗauke miki, kya rama in kin warke. Wa ya ce miki Allah Yana korar mara lafiya daga ƙofarsa?"

Na ce, "Malama, duk watannin nan fa?"

"Za ki rama a hankali. Kowace sallah ki haɗa mata da ɗaya. Ba tsere ba ne."

Na so in ce daga nan komai ya warware, amma ba haka aka yi ba. Kunnena ya ji, zuciyata ba ta karɓa ba. Wata da watanni ina ganin kaina mara tsarki, magana ɗaya ba ta wanke wannan. Na riƙa cewa a raina, yaya zan tsaya gaban Ubangiji a haka? Ga gajiya, ga haushi. Na ƙudura tun da na sa rana, sai na je.

Alhamis da safe na yi shiri, na sa hijabi, na ɗauki katina. Halifa yana barci. Inna tana zaune a bakin ƙofa tana jan carbi, na raɓa ta gefenta na sa takalmi. Na kai tsakiyar gida kenan na ji an ce:

"Sa'adatu."

Na tsaya. Na ɗauka wata ce ta shigo, har na dubi zaure. Ban san yadda sunana yake a bakinta ba, ban taɓa ji ba.

"Sa'adatu, dawo ki zauna."

Na dawo na durƙusa. Ba ta kalli Halifa ba, ba ta kalli bango ba, ni ta kalla.

"Ranar da aka shiga da ke tiyatar Halifa, ina nan. A bayan taga na wuni, wajen da ake shanya. Na ga jinin da aka fito da shi a zannuwa. Na ji abin da likita ta gaya wa mijinki, da kunnena, ba labari aka ba ni ba." Ta ajiye carbinta. "Ni na kai kunun, na ba wata ta miƙa. Na yi kunyarki shekara ashirin da bakwai, ban taɓa neman komai a wurinki ba. Yau ina nema. Kada ki bar ni da 'ya'yanki."

Ta miƙa hannu ta jawo buta, ta ajiye a gabana.

"Ruwa yana kan wuta. Tashi ki yi wanka."

Na yi wanka. Da aka kira azahar ta shimfiɗa sallaya biyu kamar kullum, wannan karon ba ta naɗe ɗaya a banza ba. Ƙarfina bai gama dawowa ba, raka'a biyun ƙarshe a zaune na yi su. Da na sa goshina a ƙasa na daɗe ban ɗago ba, ita ma ba ta tashi ba sai da na idar.

Asibiti mun je, amma sati na gaba, ni da Inna, tana goye da Halifa. Na samu wata dattijuwar nas mai haƙuri, ta zaunar da ni ta yi min bayanin da ya kamata a yi min tun ranar farko: cewa jinin yakan yi wa wasu haka a watannin farko, yakan lafa, akwai maganin da ake bayarwa, kuma in ya ƙi akwai wata hanyar. Na ce mata, "Da kun riƙa gaya wa mata su tambayi hukuncin sallah tun kafin su fita." Ta ce ba aikinsu ba ne. Na ce to aikin wa? Ta yi dariya ta ce za ta riƙa faɗa. Ban sani ba ko tana yi.

Bayan sallah na koma ɗakina. Jinin ya ci gaba da wasansa na wasu watanni, yana raguwa, har ya daidaita. Hajiya ta gano zancen ashana, don da kaina na gaya mata, na gaji da dogon hannu a zafin Kano. Ta ce, "Da kin faɗa da ban ɓata saiwoyina ba." Ta yi kwana biyu tana ɗan cin magani, a na uku ta aiko min da farfesu.

Ba na ce kowa ta sa ba, ba na ce kowa ta bari ba. Matar da muka haɗu a layi, mai ƙiba, ta cire tata, kuma ban ga laifinta ba, ita ta san jikinta. Abin da nake roƙon 'yan'uwa mata shi ne biyu. In za a sa miki, kada ki tashi daga kujerar nan sai an gaya miki abin da zai iya biyo baya, ko da na bayanki suna tsaki. In kuma jini ya rikice miki, ki tambayi malamarki a satin farko, kuma ki ci abinci. Kunya ba ta ƙara jini, ni shaida ce.

Ashanata tana nan, ina taɓa ta in ina ɗaurin yadi. Azumin na rama shi da sanyi. Sallolin kuwa har yanzu ina kai, kowacce da 'yar rakiyarta, na kusa gamawa.

Inna ta koma yadda take. Tun ranar nan ba ta sake kiran sunana ba, ban kuma sa rai ba, sau ɗayan ya ishe ni. Ranar Juma'ar da ta wuce muka je gaishe ta, ta zubo tuwo ta ajiye, ta ce wa Halifa, "Ka gaya wa uwarka ta ci." Yaron da ya fara haɗa magana, sai ya juyo ya dafa gwiwata ya ce, "Mama, ci."

Inna ta kau da kai tana gyara ɗankwali. Ni kuwa na ja kwano, na cinye tas.